Shafin da Kawu Ya Hana Ni Ginawa

Kawu ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a ɗakinsa na Unguwar Rogo, bayan jinyar kwana tara. Na san daga Allah muke kuma wurinsa za mu koma, amma sanin bai rage mini zafin labarin ba lokacin da Inna ta kira ni a waya ta ce, "Taho gida, yayana ya tahi." Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar tabarmin gidan sun ƙare, sai da aka aro na maƙwabta.

Ina zaune a tsakar gida kusa da Inna ina jin abin da masu gaisuwa ke faɗi. Matan unguwa suka ce shi ne mai raba musu rigimar layi a bakin famfo. Wata tsohuwar abokiyar aikinsa ta jami'a ta ce duk zaman da suka yi a ofis ɗaya, ba ta taɓa ganin takarda ta fita daga hannunsa da kuskure ba. Matarsa kuwa carbinsa kawai ta ƙanƙame. Daga zaure na jiyo limamin unguwa yana cewa, "Mutumin kwamfuta na, amma bai taɓa rasa sahun hwarko ba," kamar dai kwamfuta wata cuta ce da Allah ya tsare shi daga sharrinta. Kowa ya san Kawu yana da shago a unguwar Gidan Igwai, amma kaɗan ne suka san abin da yake yi a ciki.

Ni na sani, don shi ya koya mini. Shafukan intanet yake gina wa makarantu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa, kuma shekara shida na yi a gefensa. Shi ya sa duk wadda ta juyo ta ce mini, "Ke ta magajiyatai ga aiki, sai haƙuri," sai gabana ya faɗi. Wata huɗu ke nan babu abin da ke tsakanina da Kawu sai gaisuwa. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa, in tashi. Ko da ya kwanta ciwo, sau biyu na je, kuma cikin taron mutane nake ɓuya.

Shafi ne ya raba mu, na ƙungiyar manoman rani ta Kwalkwalawa, inda manoma ke rubuta sunansu kowace shekara don samun irin shinkafa da taki da layin injin ban-ruwa. Shi ya gina na farko. Ni na rushe shi na gina sabo, bayan ya hana ni da babbar murya. A ranar da muke zaman makokinsa, sabon shafin nan yana can yana mayar da mutane baya, kuma Asabar da la'asar za a rufe rajista. Wanda sunansa bai shiga ba, babu noman rani a gare shi bana. Ranar Alhamis ɗin ban san haka ba tukuna.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi a matsayin "mutumin kwamfuta" kawai, kuma don in faɗi nawa laifin da bakina.

Kawu da tafireta ya fara. Shi ne mai buga takardu a wani sashe na jami'a, yana hawa babur ɗin haya, kabu-kabu, kullum ta cikin Kwalkwalawa zuwa aiki. Da aka kawo kwamfuta ofishinsu, sa'o'insa suka tsorata, shi kuwa ya zauna mata har sai da ta ji maganarsa. Yana dab da ritaya ya koyi gina shafi, a lokacin da furfura ta riga ta cinye masa gemu. Ni kuma ya ɗauke ni ne a shekarar da na rasa gurbin karatu karo na biyu, ina gida ina faɗa da kowa. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Ba ni aron ɗiyag ga. Bakinta ya yi yawa ga gida, ga shago shina da amfani." Bai taɓa ambatar faɗuwata a jarrabawa ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah.

Kada wani ya ɗauka mutum ne mai sanyi. Kawu yana da faɗa, kuma a gidanmu taurin kai gado ne, ni da shi muka kwashi kaso mafi tsoka.

Yana da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi da yake ajiyewa a aljihun gaba. Ba ya kira da ita, ta gwaji ce. Duk shafin da muka gama, komai kyansa a babbar kwamfutar shago, ba ya miƙa shi ga mai shi sai ya hau kabu-kabu ya tafi bakin fadamar Kwalkwalawa, inda sabis ke zuwa yana tafiya. Sai ya tsaya a tsakiyar rana, ba a inuwa ba, ya danna, ya fara jan carbi. In ya ja ƙwaya goma shafi bai buɗe ba, mu koma shago mu rage masa kaya. In ya buɗe amma hasken rana ya hana shi karanta rubutun, mu koma mu ƙara wa rubutu girma da duhu. Na taɓa yi masa ƙorafi cewa masu shafin nan a ofis suke, da fanka a kansu. Ya ce, "Ba don mai ohis nika yi ba. Shi ya san abin da ac ciki. Don wanda at tsaye cikin rana nika yi, datatai ta kusa ƙarewa."

Akwai wani mai makaranta da ya kawo mana hotonsa, babbar riga da hula sun sha guga, ya ce a sa shi a farkon shafi, ya cika fuskar waya. Kawu ya karɓi hoton ya yaba ɗinkin, sannan ya tambaye shi me iyayen yara suka fi kiransa a kai. Mutumin ya ce ranar komawa hutu da sakamakon jarrabawa. Kawu ya ce, "To su za mu aza bisa. Uban yaro bai zaka ganin hularka ba, Alhaji." Mutumin ya kwashi hotonsa ya fita a fusace, ni kuma na zauna ina hararar Kawu saboda aikin da ya kore mana. Bayan sati biyu sai ga shi ya dawo, hoton ya koma can ƙasa, ɗan ƙarami kamar na katin zaɓe.

Haka yake da fom. Duk tambayar da na ƙara sai ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Mi za ki yi da amsar?" In na yi shiru, ya ce a goge. Ya hana ni tambayar manoma ranar haihuwa, ya ce zan sa dattawa yin ƙarya ne kawai, kowa ya rubuta ɗaya ga watan ɗaya. Ya hana ni rubuta "kuskure" da jan rubutu. In abu ya ƙi, shafi ya gaya wa mutum abin da ya faru da abin da zai yi yanzu, cikin maganar da za a iya faɗa wa babba ido da ido. In mutum ya danna, shafi ya amsa masa, ko da "an karɓa" ne, don kada ya tafi gida yana wasi-wasi. Kuma a ƙasan kowane shafi da ya gina akwai lambar wayar mutum mai rai, yawanci tasa. An sha kiransa yana cin tuwo, ya ajiye loma ya amsa.

Amma babban alƙalinsa Goggo ce. Taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsu, a Kwalkwalawa ta yi aure, kuma tun da mijinta ya rasu ita ke noma gonarsa ta fadama da hannunta. Ta yi yaƙi da jahilci, tana karanta boko a hankali, da yatsa. Wasan taubasantaka tsakaninta da Kawu ba ya ƙarewa. Ita ta ce masa malalacin birni wanda bai san kan fartanya ba, shi ya ce mata baƙauyiya mai tsoron fanka. Shafina na farko, gwajin na ƙungiyar manoman nan, wanda na kwana biyu ina ƙawata shi, wurinta ya kai ni da shi. Ya miƙa mata tsagaggiyar wayar ya ce ta nemo inda ake rubuta suna, ni kuma ya ce in zauna in haɗa hannuwana, in na yi magana ko na nuna, in koma gida a ƙasa. Na zauna ina kallon Goggo tana danna hoton buhun shinkafa, tana danna tambarin ƙungiya, tana danna ko'ina ban da inda na tanada. Gumi ya jiƙa mini hijabi. Can ta ajiye wayar ta ce, "Ɗiyata, abin ga naki da kyawo shike, amma ban ga ƙohwa ba." A hanyar dawowa rake kawai Kawu ya saya mini.

Shafin ƙungiyar da ya gina bayan nan ba shi da kyau ko kaɗan, gaskiya ce wannan ko a gaban kabarinsa. Fari ne fat da baƙin rubutu, da katon wuri ɗaya da aka rubuta "Rubuta sunanka". Tambaya huɗu ce a ciki: sunanka da wanda aka fi saninka da shi, gidan wa kake, ina gonarka take, wace lamba za a same ka. Shekara huɗu yana aiki ba wanda ya yaba, ba kuma wanda ya yi kuka da shi.

Bana aka yi sabon shugaban ƙungiya, ɗan boko, mai son a ga canji. Idon Kawu ya riga ya yi rauni, aikin shago ya dawo hannuna, don haka ni ya samu. Ya ce shafin ya tsufa, abin kunya ne a nuna wa baƙi. Ya kuma ce bara an kama mutum biyu sun yi rajista sau biyu sun karɓi iri ninki. Ni ce na kawo maganin da bakina: lambar waya ɗaya, mutum ɗaya. In an shiga da lamba sau ɗaya, shafi ya ƙi ta har abada. Shugaba ya tafa hannu, ni kuma kaina ya yi girma.

Da na nuna wa Kawu, bidiyon fadama da na sa yake motsi a saman shafin bai dame shi sosai ba, tsaki kawai ya yi. Da ya zo kan maganar lamba sai ya cire tabarau.

"Wa yag gaya maki kowa na da wayatai?"

Na ce, "Kawu, yanzu wa ba ya da waya?"

"Ke kin shiga gidajen ga? Waya guda ta, ga hannun babban ɗa. Uwa da ita taka kira, ƙanne da ita, matan gida da ita. Kowa kau da gonatai. In kin ce lamba guda mutum guda, gida guda kinka ce mutum guda."

Na ce to ɓarayin fa? Ya ce ɓarawo biyu mai unguwa ya kama su bara da idonsa, ba da kwamfuta ba, shi ya sa fom yake tambayar gidan wa kake. Ya ce ba a toshe wa gari hanya don mutum biyu. Na ce shugaba ya riga ya amince. Ya ce shugaba da waya uku yake yawo. Ya ce in ɗauki shafin in kai wa Goggo ta gwada kafin a sake shi. A nan ne raina ya ɓaci, don na gaji da a ce tsohuwa mai karatu da yatsa ce za ta sa wa aikina hannu. Na ce masa, a gaban mai gyaran janareto da ke bakin ƙofa, "Kawu, wannan tsarin naka na da ne. Zamani ya wuce wurin."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya mayar da tabarau aljihu, ya ɗauki butarsa da dardumarsa, ya ce, "Allah shi ba da sa'a." Bai sake taka shagon ba. Ni kuma na cire lambarsa daga ƙasan shafin, na sa adireshin imel na ƙungiya a wurin, ina ce wa kaina hutar da shi na yi.

An buɗe rajista, kullum ina duba sunaye suna ƙaruwa, ina jin daɗi. Wanda ya shiga kaɗai nake gani. Wanda ya zo ya juya ba ya barin sawu a wurina. Ranar Talata, kwana biyu kafin rasuwarsa, wayata ta yi ƙara sau uku, sunan Kawu a kai. Ina tare da shugaba a lokacin, na kife ta. Da na fito kuma na ce wa kaina faɗa zai yi, bari sai ya ji sauƙi.

Ranar Juma'a da safe mutanen Kwalkwalawa suka zo gaisuwa, mota biyu. Goggo ta shigo tana dogara bango, ta zauna gaban matar Kawu. An saba taubashi ya yi tsiya ko a gidan mutuwa, don a sassauta wa masu kuka, kuma mata har sun fara gyara zama suna jiran abin da za ta faɗa. Ta buɗe baki ta ce, "Malalacin birni," sai muryarta ta karye, ba ta ƙarasa ba. Tsakar gidan ta ɗauki kuka gaba ɗaya.

Da aka lafa ta yafito ni da hannu zuwa bayan ɗakin girki. Ba ta yi mini kallon zargi ba. Tambaya ta yi, kamar mai neman a fassara mata wasiƙa.

"Ɗiyata, abin ga naku na waya, an hana mu mata shiga na bana?"

Na ce a'a, wa ya ce?

Ta ce babban ɗanta ya rubuta sunansa ya shiga lafiya. Da aka zo nata, jan rubutu ya fito ya ce an riga an yi rajista da wannan lamba. Na ƙanensa ma haka, na matarsa ma haka. Suka ɗauka sabuwar doka ce, gida ɗaya mutum ɗaya. Ta fara lissafa mini gidaje da yatsu, na gabas da masallaci, na bakin kasuwa, na bayan makaranta, yatsun suka ƙare ta sake daga farko. Yawanci mata ne da ƙanne. Na ce me ya hana su faɗa? Ta ce sun duba ƙasan shafi inda lambar Kawu take, ba su gan ta ba.

"Sai nis sa anka kira mani shi ran Talata. Ban san ciwon ya kai haka ba. Da ƙyar shika magana. Yac ce in kwantar da hankalina, shi kira ki yanzu-yanzu, ke gyara shi, ɗiyatai ba ta da mugunta, gaugawa ɗai gare ta."

Na dafa bangon ɗakin girki. Ban yi kuka ba a lokacin, tsoro ne ya riga kukan zuwa, don na lissafa na ga saura yini ɗaya da rabi.

Gyaran kansa ba wani abu ba ne, layi kaɗan ne zan cire daga tsarin shafin. Amma dokar ta ƙungiya ce yanzu, ba ni da ikon taɓa ta sai da yardar shugaba, kuma wayarsa a kashe take. Bayan an sauko daga Juma'a aka ce ga shi a zaure cikin masu gaisuwa. Na tashi. Inna ta riƙe mini hijabi ta ce, "Ina za ki? Zauren cike shike da maza, kawunki ko kwana biyu bai yi ba." Na ce mata aikin Kawu ne. Ta dube ni, ta saki.

Na aika a kira shi soro na biyu, na gaya masa komai a tsaye. Fuskarsa ta canza.

"Malama, ke kinka kawo shawarar ga. Ni na tsaya gaban kwamiti na kare ta. Yanzu ranar ƙarshe in koma in ce mun yi kure?"

Na ce ni na yi, ya faɗa musu haka, ya ambaci sunana. Na roƙe shi ya ƙara kwana uku. Ya ce ba ya iyawa, masu kawo iri gobe da la'asar za su karɓi sunaye, da su za a loda mota, kuma wannan ba a hannunsa yake ba. Ya ce in ya buɗe lamba, wa zai hana masu shiga sau biyu? Na ji bakina yana maimaita abin da na ƙi ji wata huɗu da suka wuce, cewa mai unguwa ya san kowane gida da kowace gona, a ba shi sunayen ya duba kafin a miƙa. Daga zaure ana ta jan Fatiha, wani rukuni na tashi wani na zama. Shugaba ya ce:

"In anka samu ko mutum guda ya shiga sau biyu, ke za ki tsaya gaban kwamiti, ba ni ba."

Na ce na yarda.

A ɗakin Kawu na yi gyaran, don nan ne kawai babu mutane. Katifarsa an riga an naɗe ta an jingine. Na zauna a ƙasa da kwamfutata, na cire dokar lamba, na cire bidiyon, na dawo da tambayar gidan wa kake da na goge a baya, na sa lambata a ƙasan shafi. Kafin a kira magariba shafin ya buɗe wa kowa. Sai dai babu wanda ya sani, kuma mutumin da aka kora sau biyu ba shi da dalilin sake gwadawa. Shugaba ya ce zai sa a yi shela a masallaci da asuba, amma shela ba ta shiga cikin gida inda matan suke.

Asabar da safe aka yi addu'ar uku. Ana shafawa, ban tsaya rabon gumba ba, na bi Goggo muka shiga keke mai ƙafa uku zuwa Kwalkwalawa. Mun isa rana ta take. Goggo ta shige gaba, ni ina biye da waya a hannu, gida-gida. Ita ke sallama, ita ke bayani, da kalmomin da ba zan manta ba: "Ɗiyar marigayi ta. Ƙohwar ta buɗe, ku kawo sunanku." Ba ta ce wa kowa ni na rufe ta ba.

Wasu sun yi murna. Wasu sun ce sai maigida ya dawo daga fadama, muka bar su muka sake zagayowa. Wata mata ta ce ita ba ta sake ba da sunanta a ci mata mutunci da jan rubutu, sai da Goggo ta zauna ta lallashe ta kamar yarinya. Sabis yana ɗaukewa, in fita waje in ɗaga waya sama, in dawo. Cajina ya yi ƙasa, aka kai ni shagon mai caji na tsaya a kansa ina kallon agogo. Mai unguwa yana zaune a ƙofar gidansa, duk sunan da ya shiga in karanta masa, ya gyaɗa kai ko ya ce a gyara sunan gona. Sau biyu na ce wa Goggo ta kawo nata in sa, ta ce, "Bari ni, ni ina nan. Mu gama da na nesa."

Ba mu ci komai ba sai ruwa. Ƙafafun Goggo sun kumbura, ta cire takalmi ta riƙe a hannu. Gida na ƙarshe yana can bayan makaranta, mata uku da wani ƙanen maigida, na shigar da su ɗaya bayan ɗaya da lamba guda, shafi yana amsa wa kowa "an karɓa". Da muka fito inuwa ta riga ta karkata, ladan yana gwada lasifika. Na zaunar da Goggo a kan wani turmi da aka kife a ƙofar gidan, na durƙusa gabanta, na buɗe sabon fom. A karo na farko tun Alhamis na ji numfashina ya sauka.

"Goggo, saura ke. Wane suna za a sa wa gonar?"

Ta sa hannu ta rufe fuskar wayar.

"Bar shi, ɗiyata. Ni tun Laraba na ba da gonar aro. Na ga ba iri, ba layin inji, kuma ƙasa ba ta jira. Maƙwabcinmu ya riga ya kai mata garma, ya yi fangalin ban-ruwa. Ba a amshe ma mutum gona bayan ya zuba mata ƙarhinai."

Na ce za a iya yi masa magana, zan je da kaina, zan roƙe shi. Ta girgiza kai. Ta ce ta ba shi a gaban mutane, kuma ita ba ta magana biyu. Na tambaye ta to don me ta yini tana yawo da ni cikin rana da waɗannan ƙafafun. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce su sauran ba su ba da tasu ba tukuna.

Ladan ya kira la'asar fom ɗin yana buɗe a hannuna, babu abin da zan rubuta a ciki. A nan kukan da na riƙe tun Juma'a ya zo, a ƙofar gidan mutane, Goggo tana bubbuga mini baya tana cewa in yi shiru kada a ce ta dake ni.

Allah ka yafe wa Kawu, ka yalwata masa kabarinsa, ka karɓe shi da sauƙin da ya yi ta nema wa bayinka a aikinsa. Ka ba matarsa da Inna haƙurin rashinsa. Sunayen sun tafi a kan lokaci, mai unguwa bai samu ko ɗaya da ya shiga sau biyu ba, kuma iri ya iso. Goggo kuwa, tun rasuwar mijinta ba ta taɓa tsallake rani ba sai bana. Gonar tana bakin hanya, duk mai zuwa jami'a yana wuce ta. Shinkafar ta yi kyau ƙwarai, ta maƙwabcinta ce.